Tarihin Gwagwarmayar Neman Fanshon Tsofaffi a Birtaniya da Rabon da Nijeriya Ta Samu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen kula da tsofaffi a taro irin wannan, akan sami wanda zai miƙe ya ce ai wannan matsalar Turawa ce, mu nan muna da zumunci, ɗa ba ya yar da ubansa. Akan kuma sami wani ya ce gwamnatocin Turai ne ke da tausayi, namu kuwa babu. Kowace daga cikin maganganun nan biyu tana da ƙamshin gaskiya, amma dukkansu sun tsallake tarihi. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda aka yi gwamnatin Birtaniya ta yarda ta ɗauki nauyin tsofaffin talakawanta daga baitulmalin ƙasa, mu ga waɗanda suka matsa mata, da waɗanda suka tare hanya, da kuma shekarun da abin ya ci. Mun zaɓi Birtaniya ne domin daga gare ta muka gaji kalmar fansho da tsarinta. Abin da muke so mu nuna shi ne, sai da jama'a suka haɗa kai suka yi shekara goma suna nema kafin a ba su, kuma abin da ya iso Nijeriya daga baya ɓangare ɗaya ne kawai na abin da suka samu.

Dokar Gajiyayyu

Tun shekarar 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, Ingila take da dokar da ta ɗora wa kowace gundumar coci nauyin gajiyayyunta. Ana karɓar haraji daga masu gidaje, a naɗa wakilai su raba. Yana da kyau masu cewa Turawa ba su san zumunci ba su lura cewa dokar nan da kanta ta wajabta wa 'ya'ya masu hali su ciyar da iyayensu, gunduma ba ta shigowa sai inda dangi suka gaza.

A shekarar 1834 aka yi wa dokar gyara mai tsanani. Aka harhaɗa gundumomi, aka umarci kowane rukuni ya gina gidan gajiyayyu inda za a tsare mabukata ana ba su aiki. Ka'idar da aka kafa gidajen a kanta ita ce, lalle ne zaman wanda ke ciki ya fi na lebura mafi talauci da ke waje wuya, don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Ana raba miji da mata, a sa wa kowa tufafin gida iri ɗaya. Sai a 1847 aka yi rangwame cewa ma'auratan da suka wuce shekara 60 suna iya neman ɗaki ɗaya. Yawancin tsofaffi dai ba a kai su ciki ba, ana ba su sule biyu ko uku a mako suna zaune a gidajensu, amma tsoron gidan nan yana rataye a wuyan kowane talaka. Daɗin daɗawa, namijin da ya karɓi wannan taimako yakan rasa ikon jefa ƙuri'a. Watau dokar ta ɗauki tsohon da ƙarfinsa ya ƙare bayan shekara hamsin yana aiki, ta sa shi a kwando ɗaya da malalaci.

Masu Shawara da Masu Adawa

Wanda ya fara jawo hankalin jama'a sosai shi ne wani limamin coci mai suna William Blackley. A 1878 ya kawo shawarar a tilasta wa kowane matashi ya biya fam 10 tsakanin shekara 18 zuwa 21, a ajiye masa, in ya kai shekara 70 a riƙa ba shi sule 4 a mako. Shawarar ba ta kai ko'ina ba. Amma ba da daɗewa ba wasu ƙasashe suka riga Birtaniya. Jamus a ƙarƙashin Bismarck ta kafa fansho a 1889, wanda ma'aikaci da uban gidansa da gwamnati ke zuba kuɗi a ciki. Denmak ta bi wata hanya dabam a 1891, ta ba tsofaffi mabukata daga kuɗin haraji ba tare da sun taɓa zuba kome ba. Hanyoyin nan biyu, watau fanshon zubi da fanshon kyauta, su ne aka yi ta jayayya a kansu a Birtaniya, kuma za mu ga cewa bambancinsu shi ne jigon labarin Nijeriya.

A nan ya kamata mu tsaya a kan Charles Booth. Attajiri ne mai jiragen ruwa daga Libaful, ba ɗan gurguzu ba ne, ba kuma ɗan ƙwadago ba. Daga 1886 ya sa kuɗinsa ya ɗauki mataimaka suka bi Landan unguwa-unguwa, titi-titi, suna rubuta halin zaman mutane. Aikin ya kai juzu'i 17 kafin a gama shi a 1903, ya kuma nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na mutanen birnin suna cikin talauci. Da Booth ya duba littattafan gidajen gajiyayyu, sai ya ga cewa tsufa na daga cikin manyan abubuwan da ke kai mutane can. Ƙididdigar da gwamnati ta yi a 1892 ta ƙarfafa maganarsa, domin ta nuna kusan mutum uku cikin goma na waɗanda suka wuce shekara 65 sun karɓi taimakon gajiyayyu a cikin shekara guda. A ƙarshen 1891 Booth ya gabatar da shawararsa: a ba duk wanda ya kai shekara 65 sule 5 a mako, mai kuɗi da talaka, ba tare da zubi ko bincike ba. Hujjarsa ita ce, talakan da ke cin hannu baka hannu ƙwarya ba shi da abin zubawa, matan aure kuwa ba su da albashin da za a cira, alhali su ne suka fi yawa a cikin tsofaffi. An ƙiyasta shirin zai ci kimanin fam miliyan 17 a shekara a Ingila da Welis, adadin da ya firgita Ma'aikatar Kuɗi.

Adawa ta zo ta fuska uku. Akwai Ma'aikatar Kuɗi, wadda dalilinta a fili yake. Akwai babbar ƙungiyar tsara sadaka ta Landan, wadda C. S. Loch ke sakatarenta, da ke ganin kyautar gwamnati za ta kashe wa talaka zuciya, ta sa 'ya'ya su sakar wa hukuma iyayensu. Wannan hujja ta biyu ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, har yau ana jin ta. Ta ukun ita ta fi ban mamaki, domin daga ma'aikata kansu ta fito. A lokacin akwai ƙungiyoyin taimakon juna masu miliyoyin mambobi, masu kama da adashi, inda ma'aikaci ke zuba 'yan kwabbai kowane mako don a biya shi in ya yi ciwo, a kuma yi masa jana'iza. Waɗannan sun ji tsoron in gwamnati ta kafa fanshon zubi, za ta raba su da kwabban da suke rayuwa a kansu. Saboda haka suka yi tsaye a kan shirin Blackley, haka kuma da Joseph Chamberlain ya kawo nasa a farkon shekarun 1890.

Gwamnati kuwa ta yi abin da gwamnatoci suka saba, ta kafa kwamiti. Hukumar bincike ta Aberdare ta zauna daga 1893 zuwa 1895, ta tashi ba ta tsai da shawara ba. Kwamitin Rothschild ya duba tsare-tsare fiye da 100 daga 1896 zuwa 1898, ya ce babu mai yiwuwa ko ɗaya. Kwamitin Chaplin na 1899 ya yarda a ba tsofaffi mabukata masu halin kirki daga shekara 65, amma a watan Oktoba na shekarar Yaƙin Bowa ya ɓarke a Afirka ta Kudu. Yaƙin ya cinye fiye da fam miliyan 200, daga baitulmalin da aka ce ba zai iya ɗaukar nauyin tsofaffi ba.

Taron Browning

Abin da ya canza al'amarin ya faro ne daga wani ƙaramin zauren taro mai suna Browning a unguwar talakawa ta Walworth, kudancin Landan. A 1898 ƙasar Niyu Zilan, wadda ke ƙarƙashin sarautar Birtaniya, ta kafa fanshon kyauta na fam 18 a shekara ga mabukata daga shekara 65. Mai kula da zauren, wani limami mai suna Francis Herbert Stead, ya gayyaci wakilin Niyu Zilan a Landan, William Pember Reeves, ya zo cikin watan Nuwamba ya yi wa ma'aikata bayani. Da suka ji cewa abin da ake ce musu mafarki ne wata ƙasa ta riga ta yi shi, sai suka nemi a sake zama. A watan Disamba aka tara shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, Booth da kansa ya zo ya yi musu jawabi. Daga nan aka ɗauki taron zuwa manyan biranen masana'antu, irin su Niyukasil da Lids da Mancesta da Biristol da Gilasgo da Bamingam, kowane wuri wakilan ma'aikata suna amincewa da shirin.

A watan Mayu na 1899 aka kafa kwamitin ƙasa na ƙungiyoyin ma'aikata don neman fanshon tsofaffi. Sakatarensa Frederick Rogers mai ɗinkin littattafai ne. Cikin jagororinsa akwai George Barnes na ƙungiyar injiniyoyi, da Margaret Bondfield ta ƙungiyar masu tsaron kanti, wadda daga baya ta zama mace ta farko da ta shiga majalisar ministocin Birtaniya. Iyalin Cadbury masu kamfanin cakulan sun taimaka da kuɗi. Aikin kwamitin ba wani abu ne mai ƙyalli ba. Suna buga ƙasidu su raba, suna kiran taro a coci da zauren ƙungiya, suna bin 'yan takara suna neman su faɗi matsayinsu a gaban jama'a. Babban taron ƙungiyoyin ƙwadago ya goyi bayansu a 1899, na ƙungiyoyin gama-kai ya biyo baya a 1901. Su ma ƙungiyoyin taimakon juna suka sauko, domin mambobinsu sun fara daɗewa a duniya, kuɗin ciwo da ake biyan tsofaffi yana neman karya asusunsu, ga shi kuma fanshon kyauta ba zai taɓa kwabbansu ba.

Wani abu da ya kamata mu riƙe shi ne, yawancin mutanen da suka yi wannan aiki ba tsofaffi ba ne, kuma ba mambobinsu kaɗai suka nema wa ba. Injiniya mai ƙungiya mai ƙarfi ya riga ya fi kowa samun abin dogaro. Amma abin da suka rubuta a takardunsu shi ne fansho ga kowa, har da mai wankau da leburan gona da matar da ba ta taɓa karɓar albashi ba.

Dokar 1908

A zaɓen 1906 Jam'iyyar Libaral ta yi gagarumin rinjaye, sabuwar Jam'iyyar Leba kuma ta sami kujeru 29. Shugabannin Libaral ba su yi alkawarin fansho a matsayin jam'iyya ba, ko da yake 'yan takararsu da yawa sun yi da bakinsu. A 1907 suka sha kaye a zaɓen cike gurbi na Jarrow da na Colne Valley a hannun 'yan takarar ma'aikata. Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar ne Ministan Kuɗi Asquith ya fara ware kuɗi don fansho, da ya zama Firayim Minista a 1908 kuma Lloyd George ya ja dokar a Majalisa har aka sa mata hannu ranar 1 ga Agusta.

Abin da aka bayar ya gaza abin da aka nema nesa ba kusa ba. An ɗaga shekarun zuwa 70 don rage kuɗi, a zamanin da talakawa da yawa ba sa kaiwa. Sule 5 ɗin na wanda abin da yake samu a shekara bai wuce fam 21 ba ne, daga nan yana raguwa har zuwa sule 1, wanda ya wuce fam 31 da sule 10 ba shi da kome. An hana wanda aka ɗaure a kurkuku cikin shekara goma da suka wuce, da wanda aka san ya saba ƙin aiki, har ma da wanda ke karɓar taimakon gajiyayyu, sai a 1911 aka janye wannan sharaɗi na ƙarshe. Sule 5 kuma ba ya riƙe mutum, domin binciken Rowntree a birnin Yok, wanda aka buga a 1901, ya nuna iyali mai mutum biyar na bukatar sule 21 da kwabo 8 a mako don kawai su rayu. Duk da haka dokar ta zo da abubuwa biyu sababbi. A gidan waya ake biya, inda kowa ke zuwa sayen kan sarki, ba a ofishin gajiyayyu ba, kuma karɓar fansho ba ya raba mutum da ƙuri'arsa. Ranar 1 ga Janairu 1909 aka fara biya, wajen mutum rabin miliyan suka karɓa, mafi yawansu mata. Akwai kuma shaidar cewa kuɗin ya ƙarfafa zumunci maimakon ya kashe shi, domin tsohuwar da ke shigo da sule 5 ta zama mai taimakon gidan ɗanta.

Wani abin da ya faru a Ailan zai ba masu sauraro sha'awa. Ba a fara rajistar haihuwa ta kowa da kowa a can ba sai 1864, don haka babu takardar da za ta nuna wane ne ya kai 70. Aka koma ga littattafan ƙidayar 1841 da 1851, aka kuma riƙa tambayar tsofaffi ko suna tuna daren babbar guguwa ta watan Janairu 1839. Masu tunawa suka yi yawa ainun, kuɗin shirin ya zarce kimanin fam miliyan 6 da aka ƙiyasta, ya haura miliyan 8. Mu da iyayenmu ke lissafin shekaru da yunwar Kakalaba ko zuwan Sarauniya mun san wannan hanya. Wanda aka haifa shekarar zuwan Sarauniya, watau 1956, a 2026 yake cika 70.

Bayan kuɗi sai hidima, kuma ita ma sai da aka nema. A 1940 aka kafa kwamitin jin daɗin tsofaffi na ƙasa ƙarƙashin Eleanor Rathbone, wanda shi ne tushen ƙungiyar Age UK ta yau. Dokar 1948 ta soke Dokar Gajiyayyu ɗungum, ta wajabta wa ƙananan hukumomi su tanadi masauki ga tsofaffin da ba su da mai kula da su. Amma da Peter Townsend ya zagaya gidajen, littafinsa na 1962 ya nuna dubban tsofaffi suna nan a tsofaffin gine-ginen gidajen gajiyayyu, suna kawai aka canza.

Rabon Nijeriya

A daidai shekarun da aka fara biyan sule 5 a gidajen waya na Birtaniya, watau daga 1909 zuwa 1911, ake kafa Baitulmalin En'e a Arewa, aka fara da Katsina. Talakan da ke biyan haraji da jangali bai shiga lissafin dokar 1908 ba. Ka'idar mulkin mallaka ita ce kowace ƙasa ta riƙe kanta da kuɗinta, tsofaffi kuwa a bar wa dangi da sadaka. Ba a ko'ina aka yi haka ba. Afirka ta Kudu ta kafa fanshon kyauta a 1928, ko da yake sai 1944 aka sa baƙar fata, da kuɗi kaɗan. Tsibirin Morishas ya samu a 1950 tun yana ƙarƙashin Birtaniya. Abin da Nijeriya ta samu shi ne Dokar Fansho ta 1951, wadda aka mayar da aikinta baya zuwa 1946, ta ma'aikatan gwamnati. Asusun ajiya na 1961 ya shafi ma'aikatan kamfanoni, Dokar Soja mai lamba 102 ta 1979 ta sake tsara na ma'aikatan gwamnati, dokar 2004 da gyaranta na 2014 suka kawo fanshon zubi. Duk waɗannan na mai albashi ne. Shi ya sa in aka ce ɗan fansho a Hausa, tsohon ma'aikaci ake nufi, ba a taɓa kawo manomi ko mai dakau a rai. Masu asusun fanshon zubi sun haura miliyan 10 a ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 200. Shirin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a 2019 shi ma zubi ne, kuma hujjar Booth ta 1891 tana nan a kansa: wanda ba shi da rara ba ya ajiya.

A kan takarda ba mu rasa alkawari ba. Tsarin Mulki na 1979, a sashe na 16, ya ambaci kula da tsofaffi da fansho ga dukkan 'yan ƙasa, na 1999 ya maimaita, amma a babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Hukumomin zakka da aka kafa a wasu jihohin Arewa daga shekarar 2000 suna taimakon tsofaffi, amma ta ƙofar talauci suke shiga, domin tsufa shi kaɗai ba ya cikin rukunonin masu cin zakka. A farkon 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, ba a naɗa mata shugabanni ba sai 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Jihar Ekiti ta gwada fanshon kyauta a 2011, naira 5,000 a wata ga mabukata daga shekara 65, amma bai ɗore yadda aka fara shi ba bayan canjin gwamnati a 2014. Alhali Botsuwana tun 1996, Lesoto tun 2004, Zanzibar tun 2016 suna biyan tsofaffinsu daga baitulmali, kuma Lesoto ba ta kai Nijeriya arziki ba.

Ba mu raina aikin ƙungiyoyin sa-kai da suka bi dokar 2018 har ta tabbata ba. Amma a ganinmu ba su sami abin da kwamitin 1899 ya samu ba, watau manyan ƙungiyoyin da ɗan siyasa ke jin tsoron ƙuri'unsu. Irin waɗannan ƙungiyoyi akwai su a ƙasar nan. Ƙungiyoyin ƙwadago sun nuna ƙarfinsu a 2024 da suka sa aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000. Ƙungiyar 'yan fansho ta daɗe tana bin haƙƙin mambobinta, kuma haƙƙi ne na gaskiya, ga duk wanda ya taɓa ganin layin tantancewa. Akwai ƙungiyoyin manoma, da na 'yan kasuwa, da na direbobi, da na malaman makaranta irin tamu, kowace da mambobi a kowace ƙaramar hukuma. Bukatun da aka fi jin su da su a teburin ciniki da gwamnati su ne albashi da giratuti da bashin fansho da kuɗin taki da na mai. Tsohuwar da ke tallan ƙuli-ƙuli a bakin tasha tana da shekara 75 ba mamba ba ce a ko ɗaya daga cikinsu.